Surukutar da Muka Ƙulla, Shatu

Zuwa ga ƙawata Shatu,

Bayan gaisuwa, da roƙon Allah ya haskaka makwancinki. Na san takardar nan ba za ta same ki ba. Ko da kina raye ma sai an karanta miki, tunda ke ce kika gudu daga ajin yaƙi da jahilci, wai alli na sa ki atishawa. To ga abin da kika raina ya yi mini rana, don maganar da ke cikina ba ni da mai jin ta sai ke.

Ruwan kogin Kwara ya fara ja da baya, mijinki Sanda ya koma kamun kifi, amma har yau ba ya iya zama a ɗakinki. An yi bikin mulkin kai a nan Bagudo, 'yan makaranta sun yi ta kaɗa tuta. Ni ban leƙa ba, ina ɗaki da 'yarki. Sunanki aka maida mata, muna kiran ta Takwara.

Zazzaɓin jego ya ɗauke ki kafin a yi suna, kika bar ta ba ta ko ƙoshi da ke ba. An gwada madarar akuya, ta yi ta zawo har maɗigarta ta faɗa. A duk danginki da na Sanda babu mai goyo. Sai Inna Hajo ungozoma, wadda ta yanke mata cibiya, ta dube ni ta ce tunda ban daɗe da yaye ɗana Umaru ba, in an dage nono zai iya dawowa.

Kin tuna alkawarinmu a bakin rafi, kina da tsohon ciki? Kika ce in mace kika haifa ta Umaru ce, ni kuma na ce na karɓa, in dai ba za ta gado ƙiwarki wajen daka ba. Wasa muka fara, amma ni da gaske na riƙe. Da liman ya ji ana shirin in shayar da Takwara, sai ya aiko mini cewa in sani, ko ɗigo ɗaya na nonona ya shiga cikinta ta zama ƙanwar Umaru, babu aure tsakaninsu har abada. Na zauna na yi kuka, Shatu. Alkawarin nan shi kaɗai ya rage mini da hannunki a ciki. Amma wa ake ɗaura wa aure a kabari? Na ɗauke ta na sa a ƙirji.

Babu komai a ciki. Ta ja, ta ja, ta saki, ta tsanyara kuka, daga baya ma ta ƙi kamawa. Inna Hajo ta dura mini kunun kanwa har na tsane shi, tana gasa mini ƙirji da ruwan ɗumi tana murzawa. Malam Bawa na ɗakin shan magani kuwa ba ya shiga cikin gida, a zaure yake tsayawa. Shi ya ce a riƙa tafasa madarar a sirka ta da tafasasshen ruwa, zawon ya tsaya. Da farko shi da Inna ba sa ga maciji. Ita tana cewa yaron da ta ga ranar haihuwarsa ba zai koya mata jego ba, shi kuma yana ta ba ta haƙuri. Amma yarinya na ramewa, dole suka sauko. Shi da kansa ya ce iliminsa ya tsaya nan, ya hau keke har Kende, inda ya ji wata ungozomar asibiti daga Dahomi ta zo suna wurin danginta, ya taho da ita.

Madam ake ce mata, ba ta jin Hausa sai Dendi da Faransanci. Sai ga Inna Hajo, da yake tana jin Dendi, ta zama tafinta, tana kai magana zaure tana dawowa. Madam ta yagi tsumma mai tsabta, ta tsoma gefe ɗaya cikin ƙoƙon madara, ta ɗora ɗaya gefen a kan nonona. Takwara na ja, madara na gangarowa bakinta, ta ɗauka tawa ce. Ta daina saki. Madam ta ce jan nan shi ke kiran nono, kada in gaji. Haka muka yi ta yi, ni da tsumma da kunu, har na fara fid da rai.

Ran nan da hantsi na ji ƙirjina ya yi nauyi, na duba zanena ya jiƙe. Inna Hajo ta tatsi kaɗan a ludayi ta jefa tururuwa, irin gwajinsu na ko nonon mai kyau ne. In tururuwar ta mutu, nonon ba shi da kyau. Tururuwa ta fito da ƙafarta, Inna ta rangaɗa guɗa a gidan da ake makoki, ba wanda ya hana ta.

Yanzu Takwara ta yi kumatu, tana da wannan hararar taki. Ban taɓa faɗa miki ba, don ba mu saba da irin wannan magana ba, amma duk duniya ba wadda nake so kamar ke. Surukutar ma dabara ce ta kada mu rabu. Ashe ta wata hanya Allah zai haɗa mu?

Jiya Umaru ya hana wani yaro taɓa ta, ya ce ƙanwarsa ce. Ban gyara masa ba, don gaskiya ya faɗa. Ki yafe mini alkawarin nan, Shatu. Na warware shi da ƙirjina, kuma ko yau aka sake tambaya ta haka zan yi.

Sai mun tarar da ke. Allah ya jiƙan ki.

Taki, wadda ta so zama surukarki ta zama uwar 'yarki,
Kulu