Ajin Azahar a Tungar Marke

Litinin, 15 ga Oktoba, 1962

Na dawo Bodinga da la'asar, gwiwa a kumbure. Makarantun En'e, wato hukumar gargajiya, guda biyar aka rataya mini a wuya, daga nan har bayan Kajiji, ni da keken da ya girmi 'yancin kai nesa ba kusa ba. Sunan aikin wai mai zagaya makarantu. Zagayar dai ina yi, makarantun kuwa sai a hankali. A ɗaya na tarar hedimasta ya tafi cin kasuwa, ya bar yara suna rera ɗaya-biyu-uku ba mai ja musu baki. A wata alli ya ƙare tun damina, malami na rubutu da gawayi. Zan rubuta rahoto, a ajiye a ofis, gara ta karanta.

Matata Atika tana gasa mini gwiwar tana tsokana: "Malam, wai kai ka tuƙa keken ga, ko shi ka tuƙa ka?" Na gaji.

Alhamis, 18 ga Oktoba

An tara mu a birni. An yi sabon sufeton makarantu, yaro ne a kaina, mai tsabta, ba ya wasa da agogo. Ya ce kuɗin ilimi ba su isa a riƙa watsa su a kowace tunga ba, don haka kafin ƙarshen shekara za a rufe makaranta ɗaya a yankina, a haɗa ta da wata. Zai zo ya gani da idonsa. Ya ambaci wadda yake tunani: Tungar Marke, wai ita ce ƙarama kuma ita ce mafi nisa.

A cikin biyar ɗin nan nawa, ita kaɗai ce makaranta. Sauran gini ne da benci.

Laraba, 24 ga Oktoba

Tungar Marke. Bari in rubuta abin da ban taɓa sa wa a rahoto ba, ko don in gan shi a takarda.

Doka ta ce a shiga aji da safe. Can kuwa safiya ba ta makaranta ba ce. Da asuba yara na wurin Malam Mode suna karatun allo, rana na fitowa su bi iyayensu fadama, da damina gona, da rani ban ruwan albasa. Kafin Malam Lawali, duk hedimastan da aka kai sai ya zauna shi da ƙudaje. Shi da ya zo bai yi rigima da kowa ba. Ya zauna da Malam Mode da iyaye, aka raba yini: asuba ta allo, hantsi na fadama, azahar ta boko. Tun daga nan ajinsa ba ya rasa yara. Yau na ga wata 'yar aji uku, Ladi, ta yi rabawa mai tsawo a allo, taɓo bai gama bushewa a ƙafarta ba. A Bodinga ma sai an tona kafin a sami irinta.

Ni dai abin da nake rubutawa kullum shi ne "aiki na tafiya daidai." Ba ƙarya ba ne. Lokacin ne ban faɗa ba.

Na gaya wa Lawali zancen sufeto. Ya ce, "Malam Abu, mu hwaɗa mashi gaskiya mana. Shi taho da azahar shi gani." Na ce kai yaro ne, mutumin da ke duba agogo kafin ya amsa sallama ne za ka ce wa ka juya dokar gwamnati? Rana ɗaya ce, a kawo yaran da safe, ya gani ya tafi. Ya ce to. Ban ji daɗin "to" ɗin nan ba.

Juma'a, 26 ga Oktoba

Tayar baya ta fashe kusa da Dandin Mahe. Turawa har gida.

Alhamis, 8 ga Nuwamba

Saƙo ya zo, sufeto zai je Tungar Marke ran Talata da safe. Na je na durƙusa gaban Maigari Na'Allah, tsoho mai karamci, irin wanda in ka sha ruwa a gidansa ba ka ci tuwo ba zai kwana da ciwon abin. Na roƙi arziki a ba mu aron safiya ɗaya. Lokacin bai yi kyau ba, yanzu aka yi dashen albasa, tana son ruwa kullum. Ya tara iyaye, aka yi ta ja, daga ƙarshe suka yarda. Ya ce, "Malam, kwanta da hankalinka. Baƙon gwamnati ba ya ishe mu cikin kunya, in ina da rai."

Talata, 13 ga Nuwamba

Yara sun cika aji tun hantsi, an yi wanka, an shafa mai. An share fili, an yanka kaji. Muka zauna har rana ta take. Bai zo ba, ba kuma aike.

Laraba, 14 ga Nuwamba

Yau ma haka. Maigari ya sake roƙon iyaye, suka bayar da yaran ba da son rai ba. Da azahar wani uba ya zo ƙofar aji riƙe da albasa 'yar dashe, ta yi laushi, ya ɗaga mini ita. "Malam, wagga ita ka cishe mu, ba benci ba." Na ce Allah ya ba da haƙuri. Lawali ya sallami yara ya ce gobe kowa ya koma fadama, a haɗu da azahar yadda aka saba. Na yarda. Na ce wanda bai zo Talata da Laraba ba, sai wani mako.

Juma'a, 16 ga Nuwamba

Jiya ban iya rubutu ba.

Da hantsi ina zaune da Lawali a inuwar aji, sai ga mai doki a guje daga Kajiji, wai motar sufeto ta tsaya gaisuwa a can, yanzu za ta taso. Fadama da nisa, ko an aika ba za su iso ba. Lawali ya ce a bar shi ya tarar da aji ba kowa, mu yi masa bayani, ya jira azahar. Ni kuwa na tsaya ina juya abin a raina, ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Kafin in gama juyawa Maigari ya gama nasa. Shi a wurinsa baƙo ya tarar da ɗaki fayau daidai yake da a ajiye masa akushi ba tuwo. In tabarma ta kasa a gidan biki ai maƙwabta ake ara, to yara ma haka. Ya baza mutanensa, duk yaron da aka gani a gari aka kamo: masu tallar fura, 'yan rugar da suka kawo nono, ƙanana da ba su daɗe da yaye ba. Aka goge musu fuska aka jera a benci. Lawali ya durƙusa yana cewa, "Ranka shi daɗe, waɗanga ba ɗiyana ba na, ba su san komi ba." Maigari ya ce, "Ɗiya ai ɗiya na, Malam. Shi dai ya ga mutane." Muna cikin haka muka ji ƙugin mota.

Sufeto ya shiga, ya ga aji maƙil, har ya yi murmushi. Ya rubuta baƙi ɗaya a allo, ya nuna wani yaro. Shiru. Ya nuna wani. Shiru. Ya tambayi biyu da biyu, wata ta fashe da kuka tana kiran innarta. Ya miƙa wa wani littafi, yaron ya riƙe shi a kife. Lawali na tsaye jikin bango, ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haka ba. Ya dube ni. Ni ne babba, ni ya kamata in yi magana. Amma Maigari na zaune a bakin ƙofa cikin babbar rigarsa yana gyaɗa kai, yana jin ya fitar da garinsa kunya. In na buɗe baki na tsinka tsohon nan gaban baƙo da gaban talakawansa. Na yi shiru. Wallahi har yanzu ban san ko kunyar Maigari ce ta riƙe ni ko tsoron sufeto ba.

Sufeto ya ƙi cin kajin da aka sake yankawa. Mota ta tashi kafin azahar. Ba a jima ba sai ga 'yan makarantar na gaskiya suna shigowa daga fadama, suna tambayar ina baƙon.

Talata, 20 ga Nuwamba

Na je birni, na zayyana masa komai. Ya saurara, ba zan ce bai saurara ba. Sannan ya ce, "To Malam Abu, wanne zan rubuta? Makarantar da yaranta ba su san komai ba, ko makarantar da ta karya dokar lokaci, aka kuma jera mini yaran aro, mai zagayarta yana tsaye?" Na ce ya zo da azahar sau ɗaya kawai. Ya ce da tun farko na faɗa, da ya san yadda zai yi, yanzu takarda ta riga ta wuce sama.

Da tun farko. Abin da Lawali ya ce ke nan.

Asabar, 24 ga Nuwamba

Atika ta ce na daina cin abinci kamar mutum. Ƙarya take, zafin gwiwa ne.

Litinin, 3 ga Disamba

An yanke. Tungar Marke za a rufe, yaranta su riƙa zuwa wata makarantar da safe, tafiyar da ko babba sai ya yi guzuri. Ba wanda zai je, kowa ya sani. Wadda hedimastanta ke cin kasuwa tana nan daram. Lawali an mai da shi wani gari can gabas, ƙaramin malami.

Ya biyo ta Bodinga yi mini sallama. Na so ya yi faɗa, bai yi ba. Ya ce, "Ba komi, Malam, haka Allah ya so. Ɗiyan dai nika ji." Maigari kuma ya aiko mini da zabi biyu, wai a gaya wa gwamnati su sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Har yau bai san yaran aron nan ne suka jawo mana ba, ni kuma ba ni zan gaya masa ba.

Laraba, 12 ga Disamba

An aike ni Tungar Marke in kwaso bencuna. Motar En'e da aka ce za ta zo da safe ba ta zo ba, na zauna ni kaɗai a aji. Ana sallame azahar sai ga yaran, ɗaya bayan ɗaya, suka wanke ƙafa a randar ƙofa suka zauna. Na ce ba a gaya muku an rufe ba? Ladi ta ce an gaya musu. To me ya kawo ku? Ta ce, "Azahar ta yi, Malam."

Akwai lissafin da Lawali ya bari a allo ba a ƙarasa ba. Tun da zaman jira nake, na ce bari mu ƙarasa, don kada su dame ni da surutu. Muka yi wani, muka ƙara wani. Rabona da riƙe alli gaban yara har na manta. Mota ta zo, aka zare bencuna daga ƙarƙashinsu, suka zauna a ƙasa ba wanda ya fita. Allon kuwa a jikin bango aka shafe shi da siminti, direba ya duba ya ce wannan sai dai a rushe ɗakin. Malam Mode na tsaye a taga, ya ce ɗakin ai mutanen gari sunka gina shi.

Da zan tafi yaran suka tambaye ni yaushe zan dawo. Na ce Laraba. Bakina ne ya faɗa.

Talata, 18 ga Disamba

An yi hutu, ba zagaya. Gwiwa na nan yadda take. Na karɓo kwalin alli a makarantar Shagari, ban ce na ina ne ba. Atika ta gan ni ina ɗaure shi a keke, ta ce, "Ina zuwa gobe, ana hutu?" Na ce Kajiji, akwai wanda zan gani. Ta ce, "Kajiji, ko bayan Kajiji?"

Na ce ta dama mini fura da wuri, ina so in isa kafin azahar.