Ranar da Baba Ya Maƙale a Dutsen Zuma

Tsibiri, Maradun.

Zuwa ga ƙanena Nazir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Amira da yara, da fatan zaman Fatakwal yana yi muku daɗi. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya, damina ta zauna, gero har ya fara fitar da kai. Na zaɓi in rubuto ne saboda sabis ɗin wayarmu yankewa yake yi, maganar kuma ba ta tsintsinkewa ba ce. Kafin ka ci gaba, ka sani Baba yana raye, yana gida.

Ka tuna jan dutsen nan na bayan gonarmu, wanda in ka murza da yatsa yashi ke zubowa, inda Baba ke hawa cin zuma tun muna ƙanana. Ranar Laraba an sha ruwa da asuba. Dada ta yi mako biyu tana tari, shi kuwa ya ce ba abin da zai kwantar da shi sai zumar dutse. Da hantsi ya ɗauki ƙwarya da dunƙulen ciyawar hayaƙi ya fita, bai gaya wa kowa ba. Shi da bakinsa ya sha faɗa mana cewa dutsen nan in ya sha ruwa ba shi da amana, amma ya hau.

Ni na fara ganinsa, da na kai wa Yaya Tukur fura gona. Yana can sama, tsayin da ya fi na giginya, a tsaye kan wani ɗan matakin dutse da faɗinsa bai wuce tafin ƙafa ba, ƙirjinsa manne da dutse. Wurin da ya taka ya hau ya ɓalle ya faɗo, ga ɓaraguzan nan a ƙasa kusa da ƙwaryar. Sama kuma dutsen ya turo kai, ba mahawa. Da na kira shi bai waiwayo ba, ya ce in daina ihu, hannunsa na dama ya goce, da hagu kaɗai yake riƙe, kuma wutar ciyawar ta mutu, zuma ta fara zagaya kansa. Na ruga na gaya wa Yaya Tukur.

Yaya Tukur ya kira maƙwabtan gonarmu, Sambo da Balarabe, suka kwance igiyar gugan rijiya biyu suka ƙulla, suka zagaya ta bayan dutsen inda yake da gangare. Sun ɗaure ta a gindin wata ƙirya suka zuro, ta sauko daidai kafaɗar Baba. Sai ya ce ba zai iya ɗaura ta ba, don in ya saki hagun nan to shi ke nan. Dole wani ya sauka. Sambo ya tsufa, Balarabe kuwa nauyinsa ya yi yawa, sai Yaya Tukur, wanda ka san ko kan rumbu ba ya hawa don jiri. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a bakin dutsen don kada kaifin ya ci igiyar, ya ɗaura ta a ƙugu, ya yi bisimilla ya juya baya.

Ina ƙasa ina kallo. Duk inda ya sa ƙafa sai yashi ya zubo a kan Baba. Sau ɗaya wani ɓangare ya ɓalle a hannunsa, ya yi lilo ya bugu da dutse, na ji Balarabe yana salati. Zuma ta harbe shi a wuya da fuska bai ko ɗaga hannu ba. Da ya isa, ya rungumo Baba ta baya ya naɗe su biyun da ragowar igiyar, amma Baba ya ƙi sakin dutsen, yatsunsa sun ƙage. Sai da Yaya ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Aka riƙa sassauto su kaɗan-kaɗan, ba su taɓa ƙasa ba sai da aka kira azahar. Mai ɗori ya gyara hannun Baba, fuskar Yaya ta kumbura kwana biyu, yanzu ta saɓe.

Jiya ina ba Baba kunu ya ce in matso. Ya ce a can sama, da ya fid da rai, ya riƙa kiran sunayenmu yana ganin fuskar kowa, amma da ya zo kanka sai fuskar ta ƙi zuwa, sai dai ta ƙuruciyarka. Ya juya ga bango, ya ce kada in gaya maka. Na gaya maka. Shekara huɗu ke nan rabonka da gida, Nazir. Ka nemi hutu ka zo, ko na kwana uku ne, kada ka jira Salla.

Dada tana gaishe ku, tarin ya yi sauƙi. Yaya Tukur da Hidaya suna gaisuwa. Ka gai da Amira, ka shafa mini kan Farida da Lukman. Allah Ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Larai.