Ashe Ba Ƙamshin Mijina Ba Ne

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai ce na zautu ba.

Ina aikin guga a wani shagon wanki. Sati uku da suka wuce wani mutum ya kawo buhun kaya, ya ce sun daɗe a sito. Ina kwance bakin buhun sai na ji ƙamshin mijina, wanda ya rasu wata bakwai ke nan. Shi ne sak, kamar ya shigo ya tsaya a bayana. Na dunƙule wata riga na kai hanci ina hawaye. Sai abokiyar aikina ta fizge, ta ce kashe kaina zan yi ne, ban ga fumfuna ta cinye kayan ba? Kafin ta rufe baki ƙirjina ya toshe, sai asibiti.

A can na gane. Abin da na shekara shida ina ji a rigunansa da matashinsa ashe ba ƙamshinsa ba ne, warin ɗakinmu ne. Likita ya ce jikina ba ya jituwa da fumfuna, ita ke tayar mini da asmar da nake fama da ita, kuma in je in duba inda nake kwana. Da na dawo na ture durowar kaya, sai ga bango baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf har kafaɗata. Banɗakin gidan ne a bayansa, kuma gadonmu a jikin bangon nan yake. Anti, tun satin farko na aurenmu na ce ba na son sanyin bango, ya koma kwana ta jikin bangon. Ya yi dariya ya ce ba komai, shi zai riƙa ɗumama mini shi. Shekara uku yana tari kafin ya tafi, aka ce ciwon huhu ne. Ni na kwantar da shi a wurin.

A gidansu nake zaune har yanzu, ba ni da inda ya fi nan. Na nuna wa wansa bangon, ya ce fenti kawai yake so, ai ya taɓa shafa masa. Ƙanwarsa kuwa ta sa mini suna Madam Shaƙa, saboda abin shaƙar da nake yawo da shi, wai ciwona ya san lokacin wanke-wanke. Mahaifiyarsa, Mama, ta hana a taɓa ko tsinke a ɗakin. Kullum da la'asar sai ta shigo ta zauna a bakin gado, ta warware rigunansa ta sake ninkewa. Ta ce tarina kewa ce. Ni ma in na yi tarin, muryarsa nake ji. Rannan ta fito da gudu daga kicin tana kiran sunansa, ta tarar ni ce. Muka tsaya muna kallon juna, ta juya ta koma kicin.

Abin kunyar, ko yanzu da na sani, nakan buɗe durowar in shaƙa. In aka wanke kayan, me ya rage mini? In na faɗa wa Mama, ai na ce mata ɗakin da ta ba mu ne ya ci ɗanta. Na mayar da durowar inda take. Takardar likita tana cikin jakata, har yau ban nuna mata ba.

Daga Mai Guga

AMSA

'Yar'uwata, Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya ba ki haƙuri. Ba ki zautu ba.

Zan fara da abin da ya fi ci miki rai. Ni ba likita ba ce, amma na san ba a yanke hukuncin abin da ya kashe mutum daga kallon bango. Ciwon huhu yana da dalilai da yawa. Ki kai takardun asibitinsa wurin likitanki ki tambaye shi kai tsaye, maimakon ki zauna kina yi wa kanki shari'a. Ko da danshin ya ƙara masa ciwo, ke sanyi kika guje wa, ba ki san komai ba. Shi ma bai sani ba.

Na biyu, ki daina kwana a ɗakin nan daga yau, ko da a falo za ki shimfiɗa. Kada ki kankare bangon da kanki. Fenti kuma rufe ido ne. Sai mai gyaran famfo ya gano inda ruwan ke yoyo, bangon ya bushe, sannan a yi maganar fenti. A shago ma ki riƙa rufe hanci, ki bar wa wasu buɗe tsofaffin kaya.

Mutanen gidan sun yi miki ba daidai ba, musamman mai yi miki ba'a. Amma ki tuna su ma mamacinsu ne. Wan mijinki, wanda ya taɓa shafa fentin, wataƙila tsoron da ke damunki ne yake damunsa. Ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji daga bakin likita.

Mama kuwa, ba sai kin ce mata ɗakin ya ci ɗanta ba, tunda ba ki da tabbacin haka. Ki faɗa mata abin da kika tabbatar: ɗakin yana hana ki numfashi, kuma kina jin tsoron zaman da ita ma take yi a ciki, ga shekaru. Ki bar ta ta zaɓi rigunan da za a ajiye. Abokiyar aikinki ta wanke su da ruwan zafi, su sha rana sosai, ku raba tsakaninku. Katifa da matashi kam sai haƙuri. Za ki yi kuka ranar, ki yi abinki. Ba ki ci amanarsa ba.

In wata guda ya wuce ba a kira mai gyara ba, ki nemi wani a danginki ko wurin aikinki ki zauna da shi, ki ci gaba da zuwa gaishe da Mama. Amma kafin nan, magana da ita ce ta rage, kuma babu mai yi miki ita. Ki same ta gobe, kafin ta shiga ɗakin.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sanyaya zukatanku baki ɗaya.