Mijina Ya Koma Ruwa

Asabar, 27 ga Agusta, 1994

Ɗalha ya sake fita da sassafe wajen 'yan Sin ɗinsa. Na bi shi don in gani da idona. Tsofaffi ne a filin shaƙatawa na bayan unguwar Flatbush, suna ɗaga hannu a hankali kamar masu lalube a ɗakin da ba fitila. A tsakiyarsu ga mijina, mai digiri biyu, ma'aikacin ofishin jakadanci, tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini. Bai ce ya yi mana abin kunya ba.

Lahadi, 4 ga Satumba

Abin ya wuce motsa jiki. Yanzu har da aƙida. Tao ake ce mata, wai "hanya". Na tambaye shi hanyar ina, ya ce da zarar an ba ta suna an ɓata ta. Madalla. Ni da zan rubuta haka a kundin digirina da sufabaiza ta kore ni.

An ce wani tsohon mai tsaron takardun fada ne a ƙasar Sin ya kawo ta, shekara dubu biyu da wani abu. Ya gaji da munafuncin fadawa, ya hau bijimi ya nufi yamma. Mai gadin iyaka ya tare shi, ya ce sai ya bar wasiyya. Ya bari, ya wuce, ba a ƙara ganinsa ba. Wato ma'aikacin gwamnati ne da ya gudu daga aiki. Shi ya sa ya burge Ɗalha.

Sallarsa dai bai bari ba. Na sa ido.

Talata, 13 ga Satumba

Wa'adinsa a nan zai cika a Disamba. Bizata a jikin tasa take. In aka mayar da shi gida, karatuna ya tsaya saura babi biyu. Kowa ya san maganin: babban sakataren ma'aikatarsu yana zuwa daga gida don taron shekara na shugabannin duniya, sai a je masauki a gaishe shi, a durƙusa, a tambayi iyali, a bar toshi. Kamun ƙafa ba sabon abu ba ne, da shi aka turo rabin ofishin.

Ɗalha ya ce ba zai je ba. Wai ruwa ba ya kokawa da dutse, kewaye shi yake yi, kuma ya isa inda za shi.

Na ce, "Malam, ruwa ba ya bukatar biza."

Ya yi dariya, ya ci gaba da shan shayinsa mai ɗanɗanon ciyawa.

Alhamis, 22 ga Satumba

A kantin bakin jami'a na ga tambarin nasu, da'irar nan rabi baƙi rabi fari, a jikin riga da kofi da ɗan kunne. Wata 'yar ajinmu ta zana shi a wuyan hannu. Ta ce yana ba ta natsuwa. Kakata ta ce haƙuri maganin zaman duniya, ba wanda ya buga ta a riga.

Laraba, 28 ga Satumba

Na je wajen babban sakatare da kaina, ban faɗa wa Ɗalha ba. Na kwana biyu ina dambun nama. Abukari, direban ofis, ɗan zangon Kumasi, shi ya shigar da ni otal ɗin. Na zauna a falo tare da maza masu babbar riga, kowa yana yi kamar bai ga kowa ba, har ƙafata ta yi sanyi.

Da aka kira ni na durƙusa, na ce ranka ya daɗe, na yi duk abin da ake yi. Ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Shi mai gidan naki ciwon ƙafa yake yi?"

Na ce aiki ne ya riƙe shi.

"To. Mun gode da aike."

Aike. A lif Abukari ya ce, "Hajiya, da kin shawarce ni. Wanda bai zo ba, ana iya cewa mantuwa ce. Wanda ya turo mace, ya tuna ke nan, ya raina."

Na karanta ilimin zamantakewa shekara tara.

Litinin, 17 ga Oktoba

An kira shi gida. Ƙarshen Disamba.

Talata, 18 ga Oktoba

Na faɗa masa zancen otal. Na so ya yi faɗa, ko ya jefar da kofi, in samu abin riƙewa. Ya ce watakila dama sunansa na cikin jerin waɗanda za a mayar tun kafin in je, watakila kuma ba ya ciki, ba mai sani. Ya tambaye ni ko dambun ya rage.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yau ba. Bai ƙyale ni don ya fi ƙarfina ba, da gaske abin bai tsaya masa a wuya ba.

Lahadi, 6 ga Nuwamba

Ya ce in nemi bizar ɗalibai in zauna in gama, shi ya yi gaba. Na ce zan duba.

Da la'asar Abukari ya bugo, muryarsa ƙasa ƙasa. Wai surukin babban sakatare yana unguwar Bronx har jibi, mutum ne mai jin magana, in na shirya zai zo ya ɗauke ni, a gyara abin da ya ɓaci. Har na buɗe baki zan tambayi ƙarfe nawa.

Na ce masa ya bari.

Ba don tsohon nan mai bijimi ba. Ƙafata ce tun zaman falon otal har yanzu ba ta saki ba, kuma ga babi na biyar a kan tebur. Na zauna na rubuta shafi uku, Ɗalha yana ɗaki yana ninke rigunansa.