Da Na Bari Likita Ya Duba Sani

Daren Laraba, kwana bakwai da rasuwar Sani

Ka yafe mini, ƙanena, da zan dame ka ko da a takarda ne. Yau wajen sadakar bakwai mahaifiyar fasinjan da ya rasu a motarka ta zo daga Tsafe. Ta yi mana gaisuwa, sannan ta ce, ba da faɗa ba, "Hajiya, an ce barci ya kwashe shi bisa sitiyari. Allah dai shi isar muna." Matarka Hadiza ta sunkuyar da kai.

Ran da abin ya faru, likita a Gusau ya ce raunin jikinka bai kai na kisa ba. Yana zargin zuciyarka ce ta tsaya kafin motar ta bar titi, amma sai an buɗe ƙirji za a tabbatar. Ni ce na yi ta kuka ina roƙon Baffa kada a yanka ka, a kai ka makwancinka kafin la'asar, don tun a makarantar allo aka koya mana gaggauta jana'iza. Alhali kwana biyu kafin nan ni kaɗai ka gaya wa ƙirjinka na suka, na ce gajiya ce.

Gobe zan je Tsafe in faɗa wa mahaifiyar fasinjan duk wannan. Ba ni da takardar likita, sai bakina. In ba ta yarda ba, ba zan ga laifinta ba, tunda shaidarka ni na sa aka rufe ta da ƙasa.