Ranar da Cleophus Ya Rufe Ruwa

Milwaukee,
Fabrairu, 1993.

Zuwa ga Inna Ozella, 'yar'uwar Mama,

Gaisuwa da girmamawa daga 'yarki Verlene, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Kawu Lucius. Ubangiji ya sassauta miki ciwon gwiwa, ya ƙara wa Kawu hasken ido. Mu nan sanyi ya yi tsanani, ƙanƙara ta rufe matakalar ƙofa. Ɗana Darnell ya bugo waya daga barikin soja, yana lafiya, ya ce in gaya miki har yanzu bai ci wake mai daɗin naki ba. Aikina a kicin ɗin makaranta yana nan, zuwa yau dai.

Inna, ƙanwata Lavonne ce za ta miƙa miki wannan takarda, na kuma roƙe ta kada ta ce komai sai kin karanta. Kin san halina, baki da baki magana takan tsere mini, sai na zauna na rubuta nake gane abin da na gani. Na san mijinta Cleophus zai bugo miki waya, in ma bai riga ya bugo ba, da muryar nan tasa ta addu'a da ke sa ki ce Lavonne ta yi dacen miji. Shi ya sa zan faɗa miki komai bi da bi, har da inda ban tabbata na yi daidai ba.

Tun kafin Kirsimeti Cleophus ya sa ta rina gashinta ruwan zuma, wai baƙin yana tsufar da ita. Da bikin shekarar coci ya matso, wanda za a zaunar da shi a gaba cikin dattawa, sai ya ce kuma gashin ya kwanta sumul, ba zai zauna gaban jama'a da mace mai kai kamar soson wanke tukunya ba. Mai shagon gyaran gashi ta ƙi, ta ce gashin da rini ya riga ya ci ba ya ɗaukar rilaksa, man nan mai kwantar da gashi. Sai Lavonne ta kira ni, tunda ni nake mata tun tana yarinya a kicin ɗin Mama. Na sayi man mafi sauƙi, na ƙudura ba zan bar shi ya daɗe ba, na je gidanta ranar Asabar da safe.

Na zaunar da ita, na tsaga gashin gida huɗu, ina shafa mata basilin a bayan kunne da ƙeya kamar kullum. A nan yatsana ya ci karo da rauni a bayan kanta, tsawon ɗan yatsa, bai gama bushewa ba. Ta ce ƙofar kabad ce. Na ce yaushe ƙofar kabad ta koyi zagayowa ta bayan mutum. Na cire safar hannu, na ce ba na sa wannan mai a kan buɗaɗɗiyar fata. Ta riƙe mini hannu, ta ce Yaya, in kan nan bai kwanta gobe ba, rauni na biyu zai fi wannan. Daga baya na cika raunin da basilin, na mayar da safar, na fara shafawa ina kewaye shi. Har yanzu ina juya wannan a raina.

Na gama shafawa ke nan Cleophus ya shigo daga wurin aski, yana ƙamshin turare. Ya gutsuri burodin masara daga kasko, ya ce a'a, Yaya Verlene ce da kanta, yau bazawara ta samu aikin yi. Inna, da na yi shiru na ɗan lokaci har in wanke mata kai, da ba haka ba. Amma bakina ya riga ni. Na tambaye shi me ya sami kan ƙanwata. Ya yi dariya, ya ce Lavonne, gaya wa yayarki. Lavonne ta sunkuyar da kai, ba ta ce kabad ba. Ya sake cewa ta faɗa, ta ƙi. Sai ya ajiye burodin a hankali, ya ce to ba mai wanke kai a gidansa sai an wanke sunansa. Ya sauka ɗakin ƙasa. Muka ji bututu ya yi ƙugi a cikin bango. Na murɗa famfo, ya yi tari, ya tsaya. Ashe ruwan gidan Cleophus ya rufe. Ya hawo ya kulle ƙofar ɗakin ƙasan, ya sa makulli a aljihu, ya jingina da ƙofar fita.

Ke kin san yadda man nan yake in ya wuce lokacinsa. Lavonne ta fara buga ƙafa a ƙasa, tana ɗan dukan kanta da tafin hannu, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika kicin. Na ɗauki tukunyar da ta jiƙa ganye a ciki na juye mata. Ruwan bai isa komai ba, sai ma ya kwaso man ya zuba cikin raunin, ya gangaro wajen idonta. Ban taɓa jin ta yi irin wannan ƙara ba, ko ranar da aka binne Mama. Ta ce kabad ce, Cleo, kabad ce, na faɗa. Ya ce bai ji da kyau ba, ta sake faɗa, ta kuma roƙe shi gafara. Na ja ta za mu wuce, ya shaƙe ni ya buga ni da firji, leɓena ya fashe, haƙorina na gaba har yau yana motsi. Ya juya ya mare ta a gefen kai. Da ya ɗago hannu, tafinsa fari fat da mai, ga gashinta a manne, ya goge a rigata.

Kaskon ƙarfen nan na Kaka, wanda kika ba Lavonne ranar aurenta, shi ne a kan murhu. Na ɗauka da hannu biyu na sauke masa a wuyan hannu, ya yi ƙara kamar busasshen reshe. Ya durƙusa yana riƙe da hannun, ƙofa ta samu. A nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba, na ƙara masa a kafaɗa da dukan ƙarfina, kuma kansa na nufa, shi ne ya kauce. Wannan na biyun ban san me zan ce wa Ubangiji a kansa ba. Wani lokaci ina jin tsoron kaina, wani lokaci ina jin haushin kaucewar.

Muka ruga cikin ƙanƙara da safa kawai zuwa gidan maƙwabciyarsu, Mama Pettway, tsohuwar nan mai sanda. Ba ta tambaye mu komai ba, ta kai mu banɗaki ta sakar mana ruwa. Sabulun da ta miƙo mana, mai kashe ƙarfin man, kumfarsa kan yi ja-ja muddin akwai saura, amma ranar na kasa gane wanne ne sabulu wanne ne jini. Gashin ya riƙa biyo yatsuna kamar taliyar da ta dahu ta wuce, har ya toshe magudana. Muna cikin haka Cleophus ya zo ƙofa yana cewa Mama, don Allah matata, rashin fahimta ne na cikin gida. Ta leƙo ta bayan sarƙar ƙofa ta ce masa ita ba uwarsa ba ce, da ita ce ma da ba ta yarda ta ce ɗanta ne ba. Ta ce ta binne maza biyu, kuma baƙar rigarta ta makoki har yanzu tana mata daidai, in yana so ya taka matakalarta ya gani.

A asibiti suka aske sauran gashin don su ga iyakar ƙunar. Idon ya tsira. Likita ya ce wasu wuraren gashi zai dawo, wasu ba zai dawo ba. Amma ba ƙunar ce ta fi tayar mini da hankali ba. Da kan ya fito fili a ƙarƙashin fitila, sai ga wasu tabo, tsofaffi, sun warke sun yi fari, ɗaya bisa kunnen hagu, wasu a tsakiya. Babu ko ɗaya a fuska, Inna. Duk a inda gashi ke rufewa.

Cleophus ya gaya wa 'yan sanda ni na far masa a gidansa. Sun tafi da kaskon, za mu je kotu wata mai zuwa, kuma wataƙila makaranta ta sallame ni. Ranar Lahadi an ce ya zauna a gaba da hannu a rataye, ya yi wa waɗanda Shaiɗan ke aiki da su addu'a, jama'a suna amin. Matar fasto ta zo gidana da kek, ta ce wa Lavonne aure haƙuri ne. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya tsorata ni shi ne shekaranjiya, ina sa mata magani, ta tambaye ni ko akwai mai dafa wa Cleophus abinci, tunda hannun dama ne. A ranar na je na sayo mata tikitin bas zuwa wurinki.

Tun rasuwar Mama, maganarki kaɗai take ji. In kin ce ta koma, za ta koma. Na san ya gyara miki rufin ɗaki, na san ba ya manta ranar haihuwarki. Ban ce ki yarda da ni ba, ni da na ɗaga wa mutum kasko. Abu ɗaya nake roƙo. Maganin yana cikin jakarta, ana shafawa safe da yamma, kuma ba ta ganin bayan kanta, dole wani ya yi mata. Ke za ki yi, kada ki ba kowa. Ki zaunar da ita a bakin taga inda akwai haske, ki kwance ɗankwalin da hannunki, ki bi kan da yatsa a hankali kamar yadda kika koya mini tsaga. In wayar ta yi ƙara kafin ki gama, ki bar ta ta yi ta yi.

Ki gaida mini Kawu Lucius, da Goggo Willadean da jikokinta, da Rosetta in ta zo daga Jackson. Mama Pettway ma tana gaishe ki, ko da yake ba ku san juna ba. Ubangiji ya tsare ku, ya tsare mini ita.

'Yarki,
Verlene