Zazzaɓin Tsohuwa

Asabar, 4 ga Mayu

Injiniya ta ba ni zanen wani gidan bene, tana son bidiyon zagaya cikinsa ranar Alhamis. Ta faɗa min ƙiri-ƙiri, in na makara kamar wancan karon, wani za ta nema. Ita kaɗai ke kawo min aiki a kai a kai. Ga Tsohuwa, kwamfutata, kafin ta haɗa hoton falo ɗaya na yi wanki har na shanya. A wannan tafiyar hawainiyar sai wani satin.

Lahadi, 5 ga Mayu

Na kinkime ta zuwa shagon Mai Soda, mai gyaran da ke ƙasan benenmu. Na ce ya nemo min sabuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Dariya ya yi. "Malama, ai wannan ba iyakar gudunta ba ne. Kamfani ne ya sa mata linzami."

Ya sa min wata manhaja, lambobi cike da allo, da wani ɗan maɓalli da ake ja gefe. Ya ja shi kaɗan. Fanka ta ɗauki kuka. Hoton falon nan ya fito tun ban gama gaisawa da matarsa ba.

Ba sukundireba, ba soda. Yatsa kawai! Shekara da shekaru ina zaginta, ashe da ƙarfinta a ɓoye tana kallona. Wai abin da bai fi farcen babban yatsa ba yana bugawa sau biliyoyi kafin in ƙifta ido. Na juya maganar nan a kaina har na gaji, ta ƙi zama. Ikon Allah sai kallo.

Gargaɗinsa: mataki-mataki, in gwada kowanne, idona a kan lambar zafi. "Ciki ɗaya, hali daban," in ji shi. "Abin da tawa ta ɗauka, taki ba lalle ba."

Litinin, 6 ga Mayu

Na ƙara mataki, ta ɗauka. Na sake ƙarawa, allo ya yi shuɗi, ta sume. Na ƙara mata wuta 'yar kaɗan kamar yadda ya nuna min, sai ga ta ta miƙe. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ina zaune ina kallon bango yana tashi, rana tana shigowa ta tagar gidan da ko harsashinsa ba a haƙa ba.

Lambar zafi ta koma ja. Na gani, na kau da kai.

Inna ta leƙo da abinci. "Ke, wai me take yi wa ihu haka?" Na ce zazzaɓi take yi, Inna. Da wasa na faɗa.

Talata, 7 ga Mayu

Wani matakin. Kaina kamar ya tsage. Abincin jiya yana nan a rufe.

Laraba, 8 ga Mayu



Na bar ta tana haɗa hawa na sama, na je karɓo gyaran zanen tagogi wurin Injiniya. Ina dawowa na ji ɗakin tsit. Tsohuwa lulluɓe da bargon Inna mai kauri, an ma cusa gefensa a ƙasa kada iska ta shiga. Na yaye, ƙarfen ba ya taɓuwa. Na danna, shiru.

Inna ta ce, "Ba ke kika ce zazzaɓi ba? In ba ta yi gumi ba, ta ina zai fita?"

Na ɗaga mata murya. Allah ya yafe min. Na zauna a ƙasa ina kuka, ina cewa na kashe na'ura, na kashe aiki.

Mai Soda ya hawo a guje. Ya buɗe taga, ya ce a ba ta lokaci. Da ta huce ya danna. Ta kama! Ya ce ba mutuwa ta yi ba, da ta ji zafin ya kai inda zai ƙona ta, ita ta kashe kanta da kanta. Haka aka ƙera ta. Wannan ya fi gudun ba ni mamaki. Ni da na san karatun lambar na yi kamar ban gani ba, ita kuwa ba ta nemi izinin kowa ba.

Inna tana bakin ƙofa tana ninke bargonta. "To, ashe ƙarfe ma ya san lokacin kwanciya." Ba kwamfutar take kallo ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na sauke ta mataki biyu. Kukan fanka ya lafa, lambar ta koma kore, ta ƙarasa hawa na sama lafiya lau. Injiniya ta kalli bidiyon har ƙarshe, sannan ta miƙo min wani zanen, wai ranar Litinin take so. Na ji bakina ya ce Laraba. Ta dube ni ta saman gilashi, ta ce to.

Asabar, 11 ga Mayu

Maɓallin yana da sauran wuri a gefen dama. Hannuna ya kai kansa, na janye. Don lafiyar na'ura ne kawai, ba don maganar kowa ba.

Bayan azahar na ɗan kishingiɗa, wai in huta da idona. Na farka na tarar da bargon nan a kaina, an cusa gefensa ta ƙarƙashin ƙafata. Ana zafi. Ban yaye ba.